Ƙofar da Ba Gida a Bayanta

Magariba ta kawo kai lokacin da Enoch Birtles ya jefa ƙwan lantarki a aljihun kwat, zai fita gyaran ƙofa.

"Ranka ya daɗe, Magajin Gari, za a zaga talakawa ne?" in ji Cuddy, abokin aikinsa, yana ɗaure ƙafar wando zai hau keke. "Ka gaida min matan unguwa, ka ce musu har yanzu gwauro nake."

"Tafi can, tsohon banza. In ka dawo ba kananzir, kai zan ƙona."

Cuddy ya ƙyalƙyale da dariya ya gangara ƙauye. Kafin ƙarar keken ta ɓace, shiru ya dawo ya zauna.

Garin da ake wa Enoch tsiya da shi ba gari ba ne. Zamanin yaƙin Hitila ne, jiragen Jamus sun sa birni a gaba, sai hukuma ta hau wannan tudu da ba kowa sai tumaki da laka, ta kafa ƙarya. Da rana abin dariya ne, turaku da wayoyi da akwatunan katako. Amma in duhu ya yi aka tada inji, daga sama sai ka rantse birni ne da mutanensa suka yi sakaci da dokar rufe haske. Ga taga an bar labule a buɗe, ga wani haske ta rufin ɗaki. Babban tarkon kuwa ƙofa ce tsaye ita kaɗai a fili, ba bango ba ɗaki, da fitila a bayanta, ƙarfe yana buɗe ta yana rufewa kamar ana shiga ana fita. Aikinsu ke nan, su kira bam ya sauka a kansu, su shige ramin siminti su toshe kunne.

Enoch da kansa ya roƙi aikin. Tun da aka rushe layinsu a hunturun bara, matarsa Hester ta rasu a ciki, ba ya son inda mutane suke. Abin da ya rage masa a duniya 'yarsa ce Winnie, tana kwance a asibitin bakin tashar jiragen ruwa da tsohon ciki, likita ya hana a motsa ta. In jirage suka wuce tudun nan ba su ruɗu ba, can za su.

Bai yi nisa ba ya ji jiniya daga birni, can ƙasa-ƙasa. Sai wayar tarho ta ɗauki kuka a cikin rami. Ya koma a guje.

"Kunna duka," in ji muryar mace daga hedikwata. "Suna da yawa yau."

Ya ja inji ya tashi. Ya leƙa waje. Garin ƙarya ya buɗe idanu ɗaya bayan ɗaya, ban da ƙofa. Ƙwanta yana aljihunsa. Ya ja tsaki, ya fita cikin yayyafi.

Ƙasar tana warin ruɓaɓɓiyar ciyawa da jiƙaƙƙen gashin tumaki. Yana cikin tafiya hancinsa ya shaƙo wani abu dabam. Soyayyar albasa. Hayaƙin gawayin murhu.

Wa ke girki a nan?

Fitilar tagar da ke gabansa ta mutu.

Ya ɗauka waya ce ta tsinke. Ya kai hannu, ya taɓo zane. Mayafin ulu ne aka rufa wa akwatin, an cusa gefensa da kyau, yadda mace mai tsafta take yi. Da ɗuminsa. Ya fizge shi, haske ya dawo, tsigar jikinsa ta tashi.

Ta gaba ma ta mutu. Wannan bargon jariri ne. Ya yaye shi ya wuce.

Da ma tsofaffi sun faɗa, kada ka gina gida ka bar shi ba kowa, akwai masu neman wurin zama. Su Enoch kuwa gari guda suka gina.

Ya fara jin takalma, ƙwas, ƙwas, a kan dutse, alhali laka ce har idon sawu. Wani yaro ya yi tari. Butar shayi tana fito. Kusa da kunnensa wani dattijo ya yi raɗa:

"Kai, malam! Kashe fitilar nan!"

Ya waiga. Hazo ne kawai.

"Kashe... kashe mana..." Raɗa ta ko'ina, maza da mata, ba faɗa a ciki, roƙo ne.

Daga gabas gurnanin jirage ya taso, yana ɗagawa yana sauka. Enoch ya sa gudu, yana fizge ƙyallaye, har ya isa ƙofar. Ƙarfen yana ta buɗe ta cikin duhu. Ƙiii. Gam. Ƙiii. Gam.

Ya zagaya baya ya durƙusa. Ya cire mataccen ƙwan.

Sai ya ji ƙamshin sabulunta.

"Enoch."

Bai ɗaga kai ba. Wallahi bai iya ba.

"Ka rame," in ji Hester. "Wa ke wanke maka riga? Dubi wuyanta."

"Hester," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Me kike yi a nan?"

"To ina za mu? Mun koma layinmu ba gida ko ɗaya. Muka hango haske muka zo. Duk muna nan, har mai burodi da jikokinsa." Ta matso kusa. "Kada ka sa ƙwan nan, maigida. Za su gan mu. Ba zan iya sake jin wannan abin ba."

Yatsu suka kama wuyan hannunsa. Sanyinsu ya shiga har ƙashi, amma riƙon nata ne, a hankali, yadda takan riƙe shi in za su tsallaka titi.

"Bar shi da duhu, ka shigo. Shayi ya yi."

Allah ya sani ya so ya shiga. Kaɗaici ya ci shi har ba ya jin tsoron mutuwa. Gurnanin ya iso saman kansa, bai tsaya ba, ya miƙa wajen birni.

"Winnie tana can," ya ce.

"Enoch, don Allah."

"Yafe min."

Ya murɗa ƙwan.

Haske ya faɗo ta ƙofar, dogo, har tsakiyar fili. Ba kowa. Sai ihu, ihun unguwa guda.

A sama, gurnanin ya juyo.

Ya tashi ya zura a guje. Ya faɗi, ya miƙe. Fito ya tsago sama. Bam na farko ya ɗaga shi ya maka a bakin rami, ya ja ciki ya shige. Ƙasa ta yi ta girgiza, ya toshe kunne, amma bai hana shi jin ana kiran sunansa ba, har aka daina.

Da gari ya waye Cuddy ya same shi zaune a kan buhun yashi. Tudun ya koma ramuka, ƙofar ko ɓaraguzanta ba a gani ba. Cuddy ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarsa, ya haɗiye. Hannun Enoch na dama bai ƙara yin ɗumi ba, ko ya kara shi a murhu. Aka sake kafa fitilun, ya ci gaba da zagayensa da magariba, yana tsayawa yana kasa kunne. Iska kawai.

Birni bai ga bam ko ɗaya ba a ranar. Da aka ba shi hutu ya je asibiti, Winnie ta ɗora masa jaririya a cinya, tana murmushi da hawaye.

"Baba, da na ji jiragen sun juya, na san Mama ce. Ita ta roƙa mana."

Enoch ya dubi jaririyar ya daɗe.

"Ta yi roƙo kam," ya ce.