Takardar Altine

A tashar Gwarzo suka fara haɗuwa, shekarar da aka ware wa mata kujerun baya a mota, fetur kuma ya yi wuya. Altine na rungume da fayil, za ta Kano rajistar jami'a. Mahbub ya waiwayo daga gaba.

"Ƙanwata, wane kwas aka ba ki?"

"Likitanci. Kuma ba kyauta aka ba ni ba, ci na yi."

Ya yi dariya har direba ya harare shi. Kafin su wuce Kabo ya san sunanta da na rugarsu.

Ita kaɗai ce 'yar ruga a ajinsu. 'Yar kwota suke kiranta, wai gurbin ƙauye aka cike da ita, wasu har kukan saniya suke yi in ta shigo. Ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Kullum da yamma saƙon Mahbub na shigowa: "Likitata, kin ci abinci? Bar su da surutu, ni na san wadda na zaɓa."

Da ya kai maganar aure gida, mahaifinsa Alhaji Mijinyawa ya murtuke. 'Yarsa Sa'adiya ta nemi likitanci ba ta samu ba, ta ce masa 'yan kwota ne suka cinye gurbinta.

"Wadda ta ƙwace kujerar ƙanwarka? Ba a gidana ba."

Altine na jin haka ta ja goggonta Marka har zauren Alhaji. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta miƙa takarda.

"Baba, ga sakamakona na jarrabawar shiga jami'a. A ɗauko na Sa'adiya a haɗa. In nata ya fi, na haƙura da Mahbub."

Alhaji ya sa tabarau. Ɗari biyu da sittin da ɗaya. Ya aika a kira Sa'adiya, ta tsaya bakin ƙofa tana murɗa gefen mayafi.

"Baba, ɗari da tamanin na ci. Tsoronka na ji."

Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya dubi Marka.

"Ki gaya wa Malam Sajo muna tafe neman 'yarsa ran Asabar."

Da hutu aka ɗaura aure a rugar su Altine da ke Unguwar Tudu, ana ta zagayawa da ƙoren nono. Da ango da amarya suka zo gaisuwa, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, da 'ya'ya masu kan uwarsu."

"Baba, ni fa?" in ji Mahbub.

"Kai dai ka ce amin."