Ɗamarar da ke Ƙirga Numfashi

Ranar da ta fara ganinsa, da faɗa ta tare shi. Ita ce mai ɗaukar hoton masu ciwon daji a asibitin, shi kuma sabon injiniya ne, dogo, rungume da kwamfuta.

"Na'urarku hoto biyu take ɗauka," ta ce, "ɗaya cikin ƙiftawar ido, ɗaya sai an yi minti ashirin. Mara lafiya na numfashi, huhu na motsi, hotunan sun ƙi haɗuwa. Ko in ce masa ya daina numfashin ne?"

Ya yi murmushi ya zaro wata ɗamara. "Ɗaura masa a ciki. Tana ƙirga numfashi, kwamfuta ta daidaita hotunan."

Ɗamara ta yi aiki, injiniya kuma ya ƙi daina zuwa. Kullum ya zo duba wayar ɗamarar, alhali waya lafiyarta ƙalau. Kafin shekara ta zagayo ya laƙaba mata suna Numfashina.

Da ya kai maganar aure gida, sai mahaifiyarsa ta ce atafau. An gaya mata macen da ke aiki kusa da hasken na'urar ba ta haihuwa. Ya kai mata bayanin likitoci, ta ce ba da ita ba.

Saƙonsa ya shigo: "Numfashina, Mama ta ce in na ƙara zancenki ba ta yafe ba. Ki gafarce ni."

Ta amsa: "Ka bi Mama. Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Sannan ta kulle ɗakin canza kaya ta yi kuka kamar ranta zai fita.

Bayan wata bakwai sai ga shi ya turo keken marasa lafiya. Mama ce a ciki, ta rame, tana tari.

Mai ɗaukar hoton ce ta ɗaura mata ɗamarar, ta koma bayan gilashi. Tsoro ya sa numfashin Mama ya rikice, layin da ke allo sai tsalle yake, abin da ya fi ƙarfin kwamfuta.

Ta danna lasifika. "Mama, ki bi muryata. Ja a hankali. Saki. Ina nan tare da ke."

Minti ashirin suna numfashi tare. Hoton ya fito tar, har ta gwammace bai fito ba. Ciwon ya bazu.

Faɗin sakamako aikin likita ne, don haka ta zo kwance ɗamarar bakinta a rufe. Mama ta riƙe mata hannu.

"Idonki ya gaya min, 'yar nan. Na zalunce ki, kika ba ni aron numfashinki. Ki yafe min. A ɗaura aurenku ina da rai."

Bayan sati uku aka ɗaura. Suka durƙusa gaban gadon Mama, ango yana share hawaye.

"Allah ya yi muku albarka," Mama ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku."

Amarya ta ce amin, idonta a kan ƙirjin Mama, tana ƙirgawa.