Amsar da Ta Narke a Takalmi

"Sati biyu, Lachlan! Na dafa shayi har sau uku waccan Lahadin, ya huce, yau kuma ka shigo wai sallama ka zo yi?"

Effie ce ke faɗa, 'yar Murdo mai ɗinkin takalma a Kirkbrae. Lachlan Tulloch na tsaye yana murza hularsa. Ya ce ai shi ne ya jira amsa har ya gaji, don haka gobe zai hau jirgin ƙasa, wani kulob a Ingila na nemansa.

Bari in koma baya kaɗan. Katangarmu ɗaya da su, kuma ba laifina ba ne da maginin ya yi ta siririya.

Bara ya fara shigowa shagon, riƙe da takalmin ƙwallo da ƙusoshinsa suka zube. Bai daɗe da barin ramin kwal ba, kulob ɗin gari ya ɗauke shi yana buga gefen hagu. Effie ta dubi takalmin, ta dube shi, ta tambaya ko akuya ce ta tauna. Daga ranar takalmin nan bai ƙara yin sati lafiya ba. Ya kawo gyara da 'yar takarda a ciki, ya karɓa da wata.

Murdo kuwa ya ce sam. Ƙato da gashin baki yana bin fata da gajeren wando, wannan ba sana'a ba ce. Ƙafa ta karye, a ci me? Shi Hector ɗan mai gidan burodi yake so mata. Amma duk Asabar Murdo ne na farko a filin ƙwallo, wai ɗinkinsa yake zuwa dubawa.

Sai Lachlan ya rubuto: "'Yar tsuntsuwata, na gaji da lalata takalmi. Ki yarda in zo wurin Babanki neman aurenki ranar Lahadi bayan coci. In kin yi shiru, na gane."

Effie ta amsa a daren: "Bahagona, ka zo. Ka aske fuska, kada ka yi zancen ƙwallo." Ta cusa takardar can ƙurya cikin sabon takalmin da ya ba da ɗinki, na hagu.

To, yanzu a shagon ta faɗa masa haka, idonta cike da ƙwalla.

Ashe Murdo ne da kansa ya miƙa masa sabon takalmin, don haka Lachlan bai yi tunanin dubawa ba. Kuma ɗan ƙwallo ba ya shiga fili da sabon takalmi sai ya sa shi ya zauna da ƙafafu cikin bahon ruwan zafi, don fatar takalmin ta bi ƙafa. Awa guda ya yi a ciki.

Ya zauna a benci, ya cire takalmi, ya cire safa. Farcen babban yatsansa shuɗi ne har yanzu, tawadar takardar da ta narke ta rina shi. Matar da yake haya a gidanta ma ta ɗauka ciwo ne, kwana huɗu tana ɗaure masa albasa.

"Ashe amsarki ce nake ta gogewa da sabulu," in ji shi a hankali. "Me ta ce, 'yar tsuntsuwata?"

Effie ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata. "Ta ce ka zo, sakarai."

Labulen baya ya motsa, sai ga Murdo da guduma a hannu. Ba ni kaɗai ke da kunne a layin nan ba. Ya ce ashe shi ya sa ake yawo da shi a gari wai fatar da yake ɗinki da ita tana zubar da launi. Shekara talatin yana ɗinki! Lachlan ya fara ba da haƙuri, ƙafa ɗaya ba safa, tsohon ya katse shi da tambayar wa zai buga hagu ranar Asabar a wasan cin kofi.

Effie ta ce, "Baba, ai kai ka ce ba sana'a ba ce."

"Har gobe ma. Amma takalmin da na ɗinka ba zai je ya ci wa 'yan Ingila ƙwallo ba." Ya zari kwat ɗinsa. "Zan je wurin fasto, a fara sanarwar aure Lahadin nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da suka fi ku hankali. Kai kuma sa safarka, a gaban surukinka kake."

Ya fita, ya bugo ƙofa har ƙararrawar shagon ta faɗo ƙasa.