Fayil ɗin da ya tura wa Yaya

"Wa ya ba ka izinin taɓa min kwamfuta?"

Injiniya ya ajiye cokali. "Dakta, zauna mu yi magana..."

"Ba zan zauna ba!"

Shekara uku ta yi a ɗakin gwaji tana bin sinadarin da ke sa fara ta ƙona kitsen jikinta, ta yi doguwar tafiya a sama. Sinadarin 'yar sarƙa ce mai gaɓa goma, sai ta lanƙwashe kafin ta shige gurbin da ke karɓarta a jikin farar. Ita ta zana yadda take zama a ciki, ko mujalla ba ta aika wa ba tukuna. Yau kuma ta ga mijinta, Injiniya, ya tura wa Yayanta fayil ɗin zanen. Yayan da ke aiki a kamfanin maganin ƙwari!

"Shi ya sa kake fita waje in ya kira? Shi ya sa ka kife waya jiya da na shigo?"

"Wallahi, masoyiya, ba abin da kike zato ba ne."

"Me ya yi maka alkawari?"

Ya ɗauki makullin mota. "Taho."

Ko kallonsa ba ta yi ba a hanya. Da suka tsaya ƙofar gidan iyayenta ta hango motar Yaya. Har gida suka kawo cin amanar?

Baba na zaune a falo. Tun bara idanunsa suka daina gani. Yana riƙe da robobi biyu, yana shafa su da yatsu. Nan take ta gane su: sarƙarta ce da gurbinta.

"Kullum sai ya tambaya me kike yi," in ji Yaya. "Da injina na gida mai fitar da siffar zane a roba na buga masa su. Na goge fayil ɗin, ga wayar, duba."

Sai da ta duba.

"Auta," Baba ya kira, "wannan 'yar lanƙwasar ce ta cinye miki shekara uku?"

"Ita ce, Baba..."

"To ta ƙi shiga."

Ta durƙusa, ta kama yatsunsa, ta juya sarƙar a hankali. Ƙas, ta shige!

Hawaye ya zubo mata. Ta waiwayi mijinta. "Da ka tambaye ni."

"Na yi laifi, Dakta."

Baba ya ture hannunta yana dariya. "Ciro min ita, in sa da kaina!"