Na Talatin Da Bakwai

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

"Gida ɗaya kawai za ki matsar da ni a rahoton, Auta, zuwa jerin waɗanda suka gama. Gida ɗaya..."

Dogo ne durƙushe gaban teburinta a ofishin ƙididdiga na jami'a. Shekara uku suna soyayya, kuma sharaɗin Babanta ɗaya ne: ya gama digiri, a ɗaura aure.

Duk ƙarshen shekara Auta ke haɗa rahoton da jami'a ke aika wa hukuma: nawa suka shiga, nawa suka gama, nawa suka bar karatu. Ba a sa suna, sai lambar rajista. Amma ita ta haddace lambar Dogo, don ita ke cike masa fom tun yana aji ɗaya.

Shekaranjiya abokiyar aikinta, wadda ake kira Mai Turare, ta ajiye mata fayil ɗin sashensu Dogo tana murmushi.

"Ke kika fi dacewa da wannan, amarya."

A ciki ta ga lambarsa. Zango biyu bai yi rajista ba, kuma a ƙa'ida wannan ya bar karatu ke nan.

"Rigar kammala karatun da ka turo mini hotonta fa?" Auta ta tambayi Dogo da ke durƙushe.

"Aro na yi."

"Duk safiyar da kake cewa kana aji?"

"Jarrabawa ta kayar da ni, masoyiya. Kunyarki na ji. Daga jerinki ake fitar da sunayen waɗanda suka gama da ake mannawa a allo, kuma Baba ya ce da idonsa zai duba. Wa zai lura da mutum ɗaya?"

"Ni."

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, fuskarsa ta sauya.

"Mai Turare ta ce da a hannunta yake, da tuni ta yi mini."

Sai a lokacin Auta ta gane dalilin murmushin.

Ta bar lambar a inda take, ta aika rahoton.

A gida Baba ya sa aka mayar wa Dogo kayan neman auren da ya kawo. Umma kuwa kwana uku tana faɗa.

"Saboda lamba ɗaya kika kori miji? To kwamfutar ta aure ki."

"Umma, ƙarya fa ya yi mini shekara guda."

"Wane namiji ne ba ya yi? Ke kaɗai ce mai gaskiya a duniya?"

Bayan wata biyu aka yi taron gabatar da rahoton. Auta na kujerar baya. Ta taga ta hango Dogo jingine da bishiya, riƙe da jakar Mai Turare, yana yi mata irin dariyar da Auta ta ɗauka tata ce ita kaɗai.

Darakta ya buɗe shafin, ko gilashi bai sa ba.

"Waɗanda suka bar karatu bana talatin da bakwai ne kacal. Ba wani abu ba ne."

Aka tafa. Ya juya shafi.

Ita kaɗai ta san na talatin da bakwai ɗin yana tsoron allura, kuma ba ya shan shayi sai ya huce.

"Wa ma ya haɗa mana wannan aiki mai kyau?" in ji Darakta yana waige-waige.

Kafin a juyo, Auta ta rungumi fayil ɗinta, ta sulale ta ƙofar baya.