Hannun da Bai Ba Ta Magani Ba

"Me kika ba ta?"

Da wannan ya tare ta a barandar asibiti, ko sallamarta bai amsa ba. Mutumin da ya rage kwanaki kaɗan a ɗaura musu aure, wanda kan rufe shagon gyaran rediyonsa ya zo ya zauna gefen keken ɗinkinta yana ce mata Sanyin idona, yau shi ne yake mata kallon wadda aka kama da hannu cikin jaka.

'Yar Lele ce kwance a ciki, ɗiyar da marigayiya matarsa ta bar masa. Da zazzaɓi abin ya fara, sai amai, yau kuma idanunta suka koma rawaya. Likita ta ce hanta ce ta taɓu, kuma daga wani abu da yarinyar ta sha ne.

Ai kuwa ƙanwar marigayiya ta samu abin da take nema. Dama tun rasuwar yayarta take ganin ɗakin nan nata ne, sai ga wata tela ta shigo mata hanci. Nan da nan ta raɗa wa Kaka, mahaifiyarsa, cewa ita fa ta ga telar tsaye a bakin ƙofar yarinyar jiya. Kaka ta tafa hannu ta ce dama jikinta ya ba ta, wace budurwa ce take son tarar da 'yar wata a gida?

Zagin Kaka bai dame ta ba. Shirunsa ne ya ƙona mata rai.

"Kai ma ka yarda?" ta tambaye shi a hankali.

"Ni dai... ki faɗa min gaskiya kawai."

Wallahi ta ji zafi, har ta juya za ta tafi, sai ta hango ƙafar yarinyar ta tagar ɗakin. Ta dawo ta zauna.

Likita ta fito, ta ce ba ta son hayaniya, kowa ya ajiye mata abin da ya ba yarinyar tun farkon zazzaɓin. Aka hau kallon-kallo. Kaka ta kwance haɓar zani ta fito da kwalbar maganin zazzaɓi na ruwa, ta ce safe da yamma take tsiyaya mata da cokalin miya, don wannan ɗan murfin awon ba ya cika baki. Ƙanwar marigayiya ta yi ta kame-kame kafin ta zaro maganin mura daga jaka. A ɓoye take bayarwa, don idan yarinya ta warke a ce hannunta ne. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya miƙa tasa ƙwayar ta manya, ya ce yakan ɓantara mata rabi kafin ya fita shago.

Likita ta jera su a tafin hannunta.

"Duka ukun nan farasitamol ne a ciki. Wa ya gaya wa wani ya bayar?"

Gida ɗaya suke, amma kowa na tsoron a riga shi nuna ƙauna.

Likita ta juyo ga telar. Ita fa?

"Ko ruwa an hana ni ba ta," ta ce. "Riga na kai mata jiya, daga bakin ƙofa."

Kaka ta zame ta zauna a ƙasa tana salati.

Allah ya taimaka an kawo yarinyar da wuri. Aka ɗaura mata ruwa mai karya ƙarfin maganin, amai ya tsaya, rawayar ta soma ja da baya. Duk kwanakin nan yana bin telar da ban haƙuri, tana amsa gaisuwarsa kawai.

Ranar sallama ya tsaya gabanta, idanunsa jajir.

"Sanyin idona... da hannuna na cutar da ita, na ɗora miki. Ki yafe min."

"Na yafe. Amma nan gaba ka tambaye ni kafin ka yanke min hukunci."

Likita ta miƙo sabon magani, ta ce mutum ɗaya tak zai riƙa bayarwa, da murfin awo. Ƙanwar marigayiya ta yi wuf ta miƙo hannu. Kaka ta riga ta karɓa, ta kamo hannun telar, ta damƙa mata.

"Riƙe, 'yata," ta ce. "Ke ce uwarta."