Gurbin Ƙashin Iya

Abin da ke ƙona mini rai game da mutumin nan shi ne ya fi kowa sanin abin da ya taɓa.

Aikinsa kula da ƙasusuwan mutanen dā a gidan tarihi. Ɗakin ajiyar ba shi da taga, sanyi ƙalau, durowoyi jere har rufi, kowace da kwarangwal kwance a kan auduga. Wadda ta fi tsufa ma'aikata ke ce wa Iya. Shi ke share mata ƙura da burushi. In kuma wani kwarangwal ya rasa ƙashi, shi ke ƙera madadinsa da farar ƙasa, har ba ka bambancewa.

Amma zuciyarsa kullum a tafashe take.

"Matacciya na kwance cikin na'urar sanyi, 'Yar Baba na kwana cikin zufa," ya ce da matarsa. 'Yar Baba ita ce 'yarsu tilo.

"Maigida, ai lafiyarta ƙalau," in ji matar.

Bai ji ba. Da tsakar rana ya nufi bayan mayanka, wurin wani boka, neman asirin arziki. Ɗakin duhu, ƙarni kamar ya tsaya a maƙogwaro. Ga baƙar tukunya da jini ya bushe a bakinta, an ɗaure wuyanta da jan ƙyalle, ƙudaje sun kewaye ta amma ko ɗaya bai sauka ba.

"Ƙashin wadda ba ta da sauran mai yi mata kuka nake so," in ji boka. "Ɗan yatsa ya isa."

"Me zan biya?"

"Ni ba ka biya na. Sai dai mai ƙashi ba ta kwana da gurbi. Abin da aka cire, sai madadi ya shiga."

Mutumin ya tuntsure da dariya. "Madadi? Ai sana'ata ke nan."

"To, kai ka faɗa."

Ya cire ƙaramin yatsan Iya, ya dasa na farar ƙasa, boka ya daka na gaskiyar ya zuba a tukunya. Kafin ka ce kwabo kwangila ta fara bin sa har gida. Ya gina bene, ya sayi mota, ya sa wa 'Yar Baba na'urar sanyi a ɗakinta.

Wata safiya yarinyar ta tashi ƙaramin yatsanta na lilo kamar tsumma. Likita ya ɗauki hoto, ya ce babu ƙashi a ciki, ko ɓurɓushi.

Nan mai hankali zai tsaya. Shi kuwa, da yake kwaɗayi mabuɗin wahala ne, sai ya ce ciwo ne, kuma magani sai da dukiya. Ya kai wa boka haƙarƙarin Iya. Numfashin yarinyar ya soma sarƙewa.

"Maigida, me ka kawo mana gidan nan?" matar ta tambaye shi.

"Arziki na kawo. Ko shi ma laifi ne?"

Da boka ya nemi ƙashin wuya, ko gardama bai yi ba. Ranar suna cin abinci kan yarinyar ya langaɓe a kafaɗar uwarta, shi ke nan, rai ya yi halinsa. Uwar ba ta yi kuka ba. Tun daga lokacin take bin titi tana kama hannun yaran mutane tana lalubar yatsunsu.

Ya ruga wurin boka yana huci. "Ba ni ƙasusuwan in mayar."

"Garin da aka daka? Je ka duba, ai Iya ta cika."

Ya koma ɗakin ajiya, ya ja durowar. Babu farar ƙasa ko ɗaya. A kowane gurbi ga ƙashi sabo fil, fari, ƙarami, wanda bai gama haɗewa ba. Mutum ne da in ya kalli ƙashi zai gaya maka shekarun mai shi, don haka bai buƙaci ma'auni ba. A jikin yatsan akwai alamar tsohuwar karaya. Shi ya ɗaure karayar nan da hannunsa, ranar da ƙofa ta datse wa 'Yar Baba yatsa.

Benen ya zama kango, motar ta ruɓe a tsakar gida. Shi kuma yana nan zaune a bakin ƙofar gidan tarihi cikin tsumma, yana roƙon masu gadi su bar shi ya shiga ya share wa 'yarsa ƙura.

Kai mai jin ƙaiƙayin arzikin dare ɗaya, buɗe kunnenka. Boka ba ya ba da kyauta, matattu kuma ba sa karɓar jabu. Kafin ka miƙa hannu, juya ka dubi yatsun 'ya'yanka.